Lambun Usta Haruna da Gidan Kan Tudu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen Gadarif suka sani da Usta Haruna, makanikin tarakta. Ni ban taɓa kiran sunan nan ba yana raye, Malam nake ce masa, yanzu ma don a takarda ne na iya. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci a kai masallaci, 'ya'ya su bugo waya, a yi masa addu'a a watse. Bana hakan bai ishe ni ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma kunya ce ta fi yawa a cikinta.

Sai an san layinmu za a gane Malam. Layin ya tashi daga bakin titi ya haura gindin dutse, kusan duk gidajen na jikokin alhazai ne, waɗanda kakanninsu suka taso daga yamma da niyyar Makka, tafiyar ta ajiye su a nan. Gidanmu na can ƙasa, kusa da titi. Gidan ƙarshe a ƙololuwar tudu na Hajja Rakiya ne, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita ta tarbe ni ranar da aka kawo ni daga Ƙala'at an-Nahal, ita ta dafa mini ruwan wankan jego duk haihuwar da na yi, a lokacin da ruwan ma sai an ɗauko shi a ka. Har yau Amarya take ce mini, ga furfura ta gama da kaina.

Da aka ja mana bututun ruwan da ake turowa daga Showak, mun yi guɗa kamar an yi haihuwa. Kafin nan karo muke jira, wato amalanken jaki mai ɗauke da ganga. Ruwan famfon ba kullum yake zuwa ba, ranar da ya zo kuma ba ya daɗewa, amma a lokacin gani muke wahala ta ƙare. Babban bututun ta titi ya bi, saboda haka ruwan ta wajenmu yake shigowa layin, ya wuce ƙofar gidanmu da ƙarfinsa, sannan ya fara hawa.

Ni na jawo lambun da bakina. Wani rani na yi ta mita, na ce mace ta tashi cikin gona amma ganyen miya ma sai ta aika kasuwa, ga irin yakuwa da rama na kakarsa a ƙulle cikin tsumma suna tsufa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da tsohuwar ganga da naɗin tiyo a kan karo. Ya ajiye gangar a ƙasa, ya shimfiɗa tiyon tsakanin kunyoyi, ya bi shi da ƙusa yana hudawa, ya koma gefe yana kallon aikinsa da alfahari. Abin da ya biyo baya shi ne shukar da ke kusa da gangar ta nutse cikin taɓo, ta can ƙarshe kuma ta bushe ƙayau. Na ce masa wannan ai rabon azzalumai ne, na kusa ya ci har ya yi amai, na nesa ya mutu da yunwa. Ya yi dariya har da tari, amma maganar ta shige shi.

Ya daɗe yana zama a kan angarib, gadon igiya, da yamma, gahawarsa na sanyi a jabana, 'yar butar ƙasa, ya zuba wa tiyon nan ido. Ran nan ya kira ni ya ce ya gano kuskurensa. Yawan ruwa daban, ƙarfin ruwa daban. Ganga cike a ƙasa tana da yawa amma ba ta da ƙarfin tura shi nesa, ƙarfin daga tsayi yake zuwa. Ya tattaro ragowar ƙarafa a gareji, ya yi wa gangar ƙafafu da suka fi mutum tsawo. Ya sa tiyo mai kauri ya zama uwa, sirara suka fita daga jikinsa. Hujin da ke kusa da gangar da allura ya yi su, na nesa da ƙusa, don kowane huji da ruwa ya wuce yana rage masa ƙarfi, in ba a matse na farko ba na ƙarshe ba zai ga komai ba. Ya raba lambun gida uku, kowane da makullinsa, ya ce gangar ba za ta iya tura ruwa ga duka a lokaci ɗaya ba, sai dai bi da bi. A bakin gangar ya ɗaura ƙyalle saboda lakar da ruwan ke zuwa da ita da damina. Kuma ya hana ni kwara ruwa da bokiti, wai baƙar ƙasarmu, wadda in ta bushe take tsagewa in ta jiƙe ta riƙe takalmi, ɗigo take so a hankali.

Kofunan shayina su suka sha wahalar binciken. Yakan ajiye ɗaya a ƙarƙashin hujin farko, ɗaya a ƙarƙashin na ƙarshe, ya buɗe makulli ya tsuguna yana kallo. In na farko ya riga cika, ya naɗe wannan yanki ya sake. Baƙi sun sha zuwa gidan na rasa abin ba su shayi, kofuna na cikin kunyoyi cike da laka. Ranar da biyun suka cika tare ya kira ni in zo in shaida, fuskarsa kamar yaron da ya sauke Alƙur'ani. A ranin nan muka ci miyar yakuwa daga tsakar gidanmu, kuma ban sake yi masa ba'a a kan tiyo ba, sai jefi-jefi don kada ya yi girman kai.

Wata safiya da ruwa ya zo, Hajja Rakiya ta gangaro da bokiti ta tsaya a kan famfonmu. Malam ya tambaye ta ko nata famfon, wanda take ce wa masura, ya lalace ne ya je ya duba.

Ta ce, "Lafiyarta lau, ya Usta. Masurar tawa iska take bayarwa. Da a ce da iska ake tuƙa tuwo, wallahi da na fi kowa ƙiba a layin nan."

Malam ya dubi famfonmu da ke kwarara, ya dubi tudu. Ya ce in rufe, ya bi gida-gida yana roƙon a rufe na ɗan lokaci, ya haura tare da ita. Da ya dawo ya ce mini ruwa ya fito a gidanta, da tari da atishawa amma ya fito. Ya ce layinmu tiyo ne kawai babba, mu ne hujin farko, kuma ba wanda ya yi mu da allura.

Bayan sallar la'asar ya tsayar da mazan layin a ƙofar masallaci. Ban san yadda ya shawo kansu ba, shi da magana ke yi wa wuya, amma an tashi da yarjejeniya wadda ba a taɓa rubuta ta ba. In ruwa ya zo, gidajen ƙasa su kame hannunsu har na sama su cika randunansu. Ya ɗauko tsohon faifan garmar tarakta ya rataye a bishiyar dogon yaro ta ƙofar Hajja Rakiya. In ta gama ɗiba sai ta buga, na tsakiya su buɗe, sannan mu. Gangar lambunsa kuwa ita ce ta ƙarshen kowa, bayan mutane da awaki, ta wani siririn bututu da bai fi ƙaramin yatsa ba. In ruwan ya ɗauke kafin ya kai gare ta, lambu ya yi azumi ke nan, sai abin da muka tara na alwala da wanke shinkafa.

Na tsani jiran nan, kuma ban ɓoye ba. Ki zauna da wanki a tare, kina jin ruwa na gurnani cikin bututu a ƙarƙashin ƙafarki, ki kasa kunne kina jiran tsohuwa ta gama cika randa da ɗan kwanonta. Hajja kuma ba ta san sauri ba, sai ta ɗauraye wannan ta goge wancan. Na taɓa ce wa Malam shi da ya fi kowa kusa da ruwa shi ya mai da kansa na baya, wannan wace irin dabara ce. Ya ce, "Ke gangarowa yake yi wajenki. Ita sai ya hau." Daga nan ya ci gaba da gyaran makullinsa, ni kuma na ci gaba da mita, amma ban buɗe ba.

Lokacin yankan riɗi ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Ranar da aka yi sadakar uku ruwa ya zo, gida cike da masu gaisuwa, tukwane na jira. Mata suka ce yau dai a buɗe, ai uzuri ne. Babbar 'yarmu ta tsaya a kan famfon ta ce ba a gidan nan ba. Muka jira har ƙarfen ya yi ƙara. Ina tuna wannan ranar da alfahari, kuma ita ce take ƙara mini nauyin abin da ya biyo baya.

Dokar ta rayu wasu shekaru bayansa. Sai gari ya ƙara cika, ruwan ya ƙara rauni, wani ɗan kasuwa da ya sayi gida a tsakiyar layin ya kawo injin lantarki ya haɗa shi da bututun kai tsaye. Irin injin nan ba ya jiran ruwa ya zo, zuƙo shi yake yi daga duk inda yake. Aka yi masa magana ya ce bai san wata doka ba, shi da kuɗinsa ya sayi gida. Maƙwabcinsa ya ga famfonsa ya ƙafe, shi ma ya sayo. Haka abin ya bi layin gida-gida, kowa na cewa tilas ce ta sa shi, kuma kowa gaskiya ya faɗa. Hajja Rakiya ta ci gaba da fitowa ranar ruwa tana buɗe famfo, ba ta da abin da za ta buga ƙarfe a kai.

Na yi rani biyu ina riƙe da kaina. Lemun tsamin da Malam ya dasa ya fara zubar da ganye, zogale ya zama sanduna. Autanmu Bashir ya zo hutu daga Saudiyya, ya zaga lambun, ya ce ba zai iya kallon abin da Baba ya bari yana mutuwa ba. Washegari ya shigo da inji a kwali. Da na ce a'a da gaske da ya mayar, yaro ne mai jin magana. Abin da na ce shi ne, "To, tunda ka riga ka sayo." Na gaya wa kaina cewa don Malam nake yi.

Injin bai ma bar aikin Malam ba. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin siraran tiyon nan, suka yi ta fashewa, hujin allura da na ƙusa suka zama ɗaya. Mai gyara ya zo ya kwashe su duka, ya sa mana masu juyawa suna feshi. Yanzu zogale ya wuce katanga, lemun ya yi 'ya'ya har sai da muka tokare rassansa, kuɓewa da rama sun fi ƙarfin tukunyata. Lambun bai taɓa yin kyau haka ba lokacin da mai shi ke raye. Baƙi na shigowa su ce masha Allah, Usta bai mutu ba. Ina amsawa da alhamdu lillahi, ina jin kamar an kama ni da kayan wani a ɗaki.

Hajja Rakiya ta koma jiran karo, kuma masu karo ba sa son hawa tudun, sai sun gama da kowa, wani lokaci jakin ya ƙi. Gwiwoyinta sun daina ɗaukar ta da bokiti. Na fara aika mata jarkoki ranar ruwa, in cika su daga famfonmu a kai mata, ta aiko da godiya da addu'a mai tsawo. Da farko hakan ya sanyaya mini rai. Daga baya na zauna na yi lissafin abin da nake yi: rabonta nake zuƙewa da inji, in shayar da kuɓewa, in ɗebi kaɗan daga ragowar in aika mata, a rubuta mini lada.

Ba wai ban gwada komai ba. Wata safiya na kashe injin na zauna ina jira, kamar da. Ko ɗigo bai kai gare ta ba, injunan tsakiya suka shanye abin da na bari. Na sa liman ya yi wa maza magana, kowa ya ce ya yarda, in dai wane zai fara. Na ɗauki wannan a matsayin hujja na koma na kunna nawa. Yanzu da nake rubutawa na ga saurin da na yi wajen karɓar hujjar ya yi yawa.

Nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce in ya leƙo ya ga layin yau. Ban ce zai zagi inji ba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa hannu cikin baƙin mai. Ina jin zai tsuguna ya saurari ƙararsa, ya yaba ƙarfinsa, sannan ya ce an sa shi a wurin da bai dace ba. Wataƙila ya ce a haɗa hannu a kai inji ɗaya ya tura ruwa zuwa tanki a kan tudu, ya gangaro wa kowa da kansa, tunda tsayi ne ke ba da ƙarfi. Zai bi gida-gida da 'yar maganarsa har a gaji a yarda. Ni na san wannan dabarar, a bakinsa na koyi tushenta, kuma ina da ƙafa da baki fiye da nasa. Abin da ba ni da shi shi ne haƙurin barin lambuna ya bushe ina kallo har a daidaita. Shi kuwa ya sha barin nasa, ina tsaye a kansa ina mita. Ban jin zai yi mini faɗa. Zai tambaye ni ne kawai ko ruwa ya kai gidan ƙarshe, kuma wannan tambayar ce ba na son ji.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Usta Haruna, mutane lambun za su nuna, ni kuma na san ba shi ba ne. Bishiyoyin nasa ne, ruwan da ke raya su ba nasa ba ne. Ƙafafun gangar na nan tsaye a kusurwa, na shanya kaya a jikinsu. Taraktocin da ya gyara sun daɗe da zama ƙarfen awo. Abin da ya bari na gaske shi ne shekarun nan da layi guda ya iya zama da ƙishi na ɗan lokaci don tsohuwar kan tudu ta sha, ba ɗan sanda ba takarda. Wannan gadon a hannun rayayyu ya bar shi, har da nawa, kuma ga yadda muka yi da shi.

Watan jiya 'yar Hajja Rakiya ta zo daga Fau da mota, ta ce ba za ta bar uwarta tana roƙon masu jaki ba. An sayar da gidan da Hajja ta shiga tana amarya, ta haifi 'ya'yanta, ta wanke gawar uwar mijinta a ciki. Kafin su tafi ta ce sai ta yi sallama da layi. Ta gangaro da sanda, 'yar na riƙe da ita, tana shiga gida-gida. Ranar ruwa ce. Da ta iso gidanmu injin na aiki, masu feshi na juyawa a kan rama, ruwa ya kwanta har bakin rumfa. Na rasa yadda zan yi. In tashi in kashe a gabanta, na amsa laifi ke nan. In bar shi, ga shi yana ruri a tsakaninmu. Na bar shi.

Ta zauna a bakin angarib ta daɗe tana kallon lambun. Ta roƙi 'ya'yan zogale, ta ce a Fau ruwa a kwance yake cikin magudanan gona, zai yi. Na cika mata ƙulli. Sannan ta kama hannuna da nata biyu, ta ɗaga murya don in ji ta saboda ƙarar injin.

"Amarya, afuwa. Ki yafe ni. Shekara da shekaru na zaunar da ku da wanki a tare kuna jirana, ni kuma hannuna ba sauri. Na san Usta, Allah ya ji ƙansa, ya sha magana a kaina."

Da ƙyar na ce, "Ba ki yi mana komai ba, Hajja. Mu ne za ki yafe wa."

"Ku kuma me kuka yi?" in ji ta. "Ku da kuke aiko mini da ruwa."

Na duba fuskarta da kyau, ina fatan gatse take yi mini. Ba gatse ba ne.